Farar Riga, Hula da Hijabi: Amsoshin Tambayoyinku Kan Yunifom ɗin Ma'aikatan Jinya

Assalamu alaikum, masu karatu. Da yawa daga cikin wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin makonnin nan sun karkata ne ga abu guda, wato tufafin da ma'aikatan jinya ke sakawa a bakin aiki da irin kallon da jama'a ke yi musu saboda su. Na zaɓi biyar, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba. Na daɗe ina sanye da farar rigar nan kafin in koma koyarwa, saboda haka wasu amsoshin daga karatu suke, wasu kuma daga abin da idona ya gane mini.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. A watan jiya na yi jinyar mahaifiyata kwana tara a wani babban asibitin gwamnati, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne na kasa bambance ma'aikatan, domin ga masu fararen kaya, ga masu shuɗi, ga masu kore, ga masu ruwan hoda. Ranar da ruwan da ake ƙara mata ya tsaya na roƙi wata mai shuɗin kaya ta duba, ashe mai shara ce. Washegari kuma na ce wa wata ta zo ta goge ƙasa, ashe ita ce shugabar ɗakin. Na ji kunya ƙwarai. Muna yara da ka ga farar riga da 'yar hula ka san nas ce. Me ya sa aka bar wancan tsari, kuma barinsa bai rage musu kwarjini ba? Daga wani magidanci, Funtuwa.

AMSA: Malam, Allah ya ba mahaifiyarmu lafiya, ya kuma saka maka da alheri bisa wannan jinya. Kunyar da ka ji ba laifinka ba ce, domin aikin farko na yunifom shi ne ya gaya wa baƙo wanda ke tsaye a gabansa tun kafin a buɗe baki, kuma idan ya kasa yin haka to tsarin asibitin ne ya gaza. Mu Hausawa mun san wannan tun kafin zuwan asibiti. Wanda ya shiga fada ba ya jiran a nuna masa dogari, jan da koren da ke jikinsa sun wadatar, haka nan ba ya rikita mai alkyabba da mai riƙe masa doki.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne asalin yunifom ɗin nas ba fari ba ne. Tushensa yana cikin suturar mata masu hidimar coci a Turai, irin waɗanda aka fara horarwa a garin Kaiserswerth na ƙasar Jamus a shekarar 1836, inda Florence Nightingale, 'yar Ingilar da ake ɗauka a matsayin uwar aikin jinya na zamani, ita ma ta je ta samu horo daga baya. Lokacin da ta jagoranci mata 38 zuwa asibitin sojojin Ingila da ke Scutari, daura da Santambul, a shekarar 1854 ana tsakiyar Yaƙin Kirimiya, doguwar riga mai ruwan toka suka saka, da farar hula, da wani ƙyalle da aka rataya a kafaɗa ɗauke da sunan asibitin. Manufar ita ce sojan da ya gan su cikin dare ya san ma'aikata ne ya kama kansa, domin a wancan zamani ana yi wa macen da ke jinya a asibiti kallon marar kamun kai. Ka ga ke nan tun ranar farko maganar mutunci ce ta haifi yunifom. Farin ya zo ne daga baya, bayan likitoci sun gamsu cewa ƙwayoyin cuta ne ke haddasa ruɓewar rauni, sai fari ya zama shaidar tsafta tunda ba ya ɓoye ko ɗigon jini.

Makarantar da Nightingale ta buɗe a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860 ita ce ta zama abin koyi ga ƙasashen da Ingila ta mulka. A wannan makaranta Kofoworola Pratt ta yi karatu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ita ce kuma 'yar Najeriya ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya na Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1964. A nan Arewa rigar da hular sun shigo ta asibitocin mishan irin na Vom da Wusasa, da kuma asibitocin gwamnati da na En'e. Abin da ka saba gani kana yaro gadon wancan zamani ne.

Ba zan ɓoye maka ba, ina kewar hular nan. Muna ɗalibai, da dare muke wanke ta, mu tsoma ta cikin sitaci mai kauri, mu manna ta a bayan faranti ko a jikin madubi ta kwana, da asuba a ɓamɓaro ta ta yi ƙarfi kamar kwali, sannan a naɗe a kafa ta da fil. Rigar kuwa sai an sa mata bula, an goge ta da dutsen guga na gawayi ana addu'ar kada tartsatsi ya faɗa mata. Kafin a shiga ɗakin marasa lafiya sai mun yi layi shugaba ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana duba farce da takalmi, wadda hularta ta karkace ta san ranar ba tata ba ce. Wannan horo ya koya mana kula da ƙananan abubuwa, kuma wadda ta saba lura da tabo a gefen rigarta ba za ta wuce allurar ƙarin ruwa da ta kumbura hannun majinyaci ba ta gani ba. Amma gaskiya ɗaya ce: hular ba ta tsinana wa mai ciwo komai. Tana faɗuwa idan an sunkuya ɗaga mutum, tana maƙalewa a labule, wasu kuma sukan yi mako ba su wanke ta ba saboda wahalar sitacin. Maza ma'aikatan jinya ba su taɓa saka ta ba, ba kuma wanda ya ce aikinsu ya tauye.

Riga da wando masu shuɗi ko kore da ka gani daga ɗakin tiyata suka fito. An zaɓi waɗannan launuka a can ne saboda farin ƙyalle yana kashe ido a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, kuma idon da ya daɗe yana kallon jan jini yana samun sauƙi idan ya sauka kan kore ko shuɗi. Daga baya ma'aikatan sauran ɗakuna suka gane daɗinsu: ana durƙusawa da su, ana hawa gado a danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya ba tare da fargabar tsiraici ba, suna da aljihu, suna da sauƙin wanki, namiji da mace duk suna sakawa. Matsalar ta taso ne da kowa ya saka su, likita da nas da mai gwajin jini da mai tura gado, kowane asibiti kuma ya zaɓi launin da ya ga dama, ta yadda shuɗin da ke nufin nas a wannan gari yana iya nufin mai shara a gari na gaba. Yankin Wales na Birtaniya ya fuskanci irin wannan ruɗani, sai ya tsayar da launi guda ga kowane rukunin ma'aikatan jinya a duk asibitocinsa a shekarar 2010.

A ganina abin da muke buƙata ke nan a matakin jiha, kuma kafin a kai ga haka babu abin da zai hana shugabar ɗaki ta liƙa allo a bakin ƙofa mai ɗauke da launukan da bayaninsu da Hausa, boko da ajami. Bajo mai manyan haruffa yana taimakawa, amma mu tuna yawancin masu kwanciya a asibitocinmu ba sa karanta shi, don haka babu abin da ya kai ma'aikaciya ta yi sallama ta ce, “Baba, ni ce nas ɗin da za ta kula da kai yau.” Kwarjinin da kake tambaya a kansa yana raguwa ne a duk lokacin da majinyaci bai san wa zai kira ba. Kai kuma nan gaba kada ka ji nauyin tambaya tun ranar farko cewa wane launi ne na wa.

TAMBAYA: Mama, ni ɗaliba ce da na gama sakandare, kuma burina in karanta aikin jinya. Mahaifina ya ce bai yarda ba, wai ba zai ga 'yarsa cikin guntuwar riga da kai a buɗe ba. A gefe guda kuma wata da ta yi aiki a Kudu ta ce mini hijabi yana sa a raina nas, ana ganin kamar ba ƙwararriya ba ce, wai yana ma kwasar cuta. Ina cikin ruɗani. Daga wata ɗaliba, Gusau.

AMSA: 'Yata, Allah ya cika miki burinki. Ki fara da kwantar wa mahaifinki hankali da ladabi, domin hoton da ke ransa na wani zamani ne da ya wuce. Idan da hali ki roƙe shi ya leƙa makarantar koyon jinya mafi kusa da ku ya ga ɗalibai da idonsa, gani ya kori ji. A yawancin asibitocin Arewa a yau mace tana aiki ne da riga mai saukowa ƙasa da gwiwa, da wando, da ƙaramin hijabi. Hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, wadda doka ta kafa a 1979, ta fitar da takarda tun 2002 da ta amince mace ta saka ko dai hula ko hijabi mai tsayawa a kafaɗa. Duk da haka akan samu saɓani a wasu wurare, musamman inda ba a saba gani ba, shi ya sa yake da kyau ki nemi ganin dokar suturar kowace makaranta a rubuce kafin ki karɓi gurbi.

Ita kuwa mai cewa hijabi yana zubar da ƙwarewa, da ta san tarihin hular da take ganin ita ce alamar ƙwarewar da ba ta faɗa ba. Hular nas jikanyar lulluɓin matan coci ce, an yi ta rage ta ne har ta koma ɗan ƙyallen da ake kafawa a tsakar ka. Rufe kai ba baƙo ba ne a wannan sana'a, da shi aka fara ta. A Maleshiya da Indunusiya da Masar da Saudiyya dubban ma'aikatan jinya suna aiki da kai a rufe a manyan asibitoci, har da ɗakunan kulawa ta musamman.

Sai dai maganar kwasar cuta ba a yi watsi da ita gaba ɗaya, kuma a nan zan gaya miki abin da wasu ba sa son ji. Na taɓa tsayawa a kan wata ɗaliba tana wankin rauni a wani asibiti da na yi aiki, ta zo da dogon hijabi har gwiwa irin na zuwa Islamiyya. Tana sunkuyawa gefensa ya share cikin tiren da aka jera kayan aikin da aka dafa don kashe ƙwayoyin cuta, ta ɗago ta gyara shi da hannun da ke cikin safa, ta koma kan raunin. Dole aka zubar da komai aka sake sabon shiri, majinyacin yana kwance yana jira da ciwo a buɗe. Hijabin aiki daban yake da na unguwa. Ya zama gajere, mai kama fuska ba sai an yi ta gyara shi ba, a cusa gefensa cikin riga idan za a yi aikin da ya shafi jini ko rauni, a wanke shi kullum tare da rigar, kuma kada a fita da shi gari. A ɗakin tiyata kuwa abin rufe kai da asibiti ya tanada ake sakawa, wannan doka ce a kan kowa.

Hannun riga ma yana da nasa hukuncin. A 2007 hukumar lafiya ta Ingila ta kawo dokar cewa mai taɓa majinyaci ya bar hannunsa a buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, babu agogo babu awarwaro, domin wankin hannu ya kai inda ya kamata. Ma'aikata Musulmi mata sun yi ƙorafi, sai a 2010 aka ba da damar saka hannun riga na roba da ake yarwa bayan an gama da kowane majinyaci. Darasin da ke ciki shi ne ana iya haɗa sutura da kariya idan an zauna an duba abin da aikin yake buƙata. A wurinmu mafita mai sauƙi ita ce hannun riga da ake iya naɗewa zuwa gwiwar hannu lokacin aiki a sauke bayan an gama.

Akwai dalilin da ya sa na tsawaita a kan tambayarki. Kin san gidaje nawa ne a ƙauyukanmu da maigida zai gwammace matarsa ta haihu a ɗaki da a ce namiji ne zai karɓi haihuwar. Ƙarancin mata ma'aikatan lafiya ne ya sa aka kafa wani shiri a 2012 da tallafin Birtaniya don shigar da 'yan matan karkara makarantun jinya da ungozoma a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe. Yunifom ɗin da uba zai gani ya yarda 'yarsa ta saka yana ƙara yawan matan da za su tsaya a kan mai naƙuda. Ki gaya wa mahaifinki haka, ki kuma tabbatar masa cewa telan da zai ɗinka miki ba zai matse ba, domin matsattsiyar riga, ko da hijabi ko babu, ita ce ke jawo wa 'yan uwanmu irin maganganun da yake gudu.

TAMBAYA: Hajiya, ni namiji ne ma'aikacin jinya a wata ƙaramar cibiyar lafiya. Ina saka doguwar farar riga ta sama da abin sauraron ƙirji a wuya, mutane kuma suna ce mini lokotoro, wasu su ce likita. Ba na gyara musu, domin na lura sun fi jin maganata idan sun ɗauka haka. Akwai laifi? Daga wani ma'aikaci, Maraɗi.

AMSA: Ɗana, sannu da ƙoƙari, na kuma san a irin cibiyarku sau da yawa kai ne gaba kai ne baya. Ba kai ka ƙirƙiro wannan ba. Daga Maraɗi har Azare, duk namijin da ya saka fari a asibiti likita ne a bakin jama'a, duk mace kuma nas ce ko da ita ce ta yi tiyatar, kuma likitoci mata suna fama da nasu ɓangaren na wannan kuskure.

Amma shawarata ita ce ka riƙa gyarawa, cikin raha, sau ɗaya a farkon haɗuwa. Wanda ya ɗauka ya riga ya ga likita ba zai ga dalilin ɗaukar wahalar zuwa babban asibiti ba ranar da ka tura shi, zai ce ai likita ya duba shi. Sannan duk alherin da ka yi, yaron da ka ceto daga gudawa da matar da ka tsayar wa jini, ana rubuta shi ne a littafin wata sana'ar, taka kuma ta ci gaba da zama wadda ake ganin ta masu miƙa allura ce kawai. Ba za mu yi kukan an raina aikin jinya ba alhali mafi ƙwazonmu suna ɓuya a cikin sunan wasu. Doguwar rigar saman kuwa ina ganin ka ajiye ta ka koma gajeriyar riga mai gajeren hannu, domin dogon hannunta yana goga gado bayan gado kuma ba kullum ake wanke ta ba. Ka sani kuma cewa akwai mutanen da jininsu ke hawa da zarar sun zauna gaban ma'aikaci a asibiti, har likitoci suka laƙaba wa yanayin sunan farar riga, don haka ka bar mutum ya huta minti biyar kafin ka auna shi. Abin sauraron ƙirji naka ne kamar yadda yake na likita, ka riƙa goge shi kawai tsakanin majinyata.

TAMBAYA: Anti, a unguwarmu akwai wata yarinya da ta yi wata shida a wani asibitin kuɗi tana taya aiki, yanzu ta ɗinka fararen kaya tana bi gida-gida tana allura da ƙarin ruwa, kowa yana kiran ta Nas. Ta yaya za mu gane nas ta gaskiya? Daga wata uwa, Kano.

AMSA: 'Yar uwa, kama da wane ba ta wane. Farin yadi yana nan jibge a Kantin Kwari, babu kuma telan da zai tambayi takardar shaida kafin ya yanka. Wannan ita ce illar amanar da jama'a suka ba farar riga: da yake an yarda da ita, sai ta zama abin fakewar wanda bai cancanta ba.

A Najeriya ba a zama cikakkiyar nas mai rajista sai an yi aƙalla shekara uku a makarantar da hukuma ta amince da ita, ko shekara biyar a jami'a, an ci jarrabawar hukumar, an shiga rajista, an karɓi lasisin da ake sabuntawa. Wadda aka koya wa aiki a asibitin kuɗi ba ta cikin wannan rajista, hukumar kuma ba ta san da matsayinta ba, komai daɗewarta tana yi. Kada a haɗa ta da jami'an lafiyar al'umma da ke ƙananan asibitocin unguwanni da ƙauyuka, waɗannan sun yi karatu a makarantun fasahar lafiya kuma suna da tasu hukumar da iyakar aikin da aka yarje musu.

Haɗarin ba ƙarami ba ne. Allurar da aka soka a gurbin da bai dace ba a ɗuwawun yaro tana iya taɓa babbar jijiyar da ke sauka ƙafa, yaro ya tashi yana jan ƙafa har girmansa. Ruwan da aka ƙara wa mai ciwon zuciya ko na ƙoda ba bisa lissafi ba yana iya taruwa a huhunsa. Idan abu ya ɓaci kuma babu lasisin da za a ƙwace, babu ofishin da ya san da ita, sai dai a ce nas ta yi kisa, sunan ya faɗa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Haƙƙinki ne ki tambayi duk mai zuwa gidanki da allura makarantar da ta yi da inda take aiki, ki kuma nemi ganin lasisinta, nas ta gaskiya ba ta jin haushin wannan tambaya. Yarinyar kuwa, tunda tana da sha'awa, a sa iyayenta da mai unguwa su tsayar da ita, a taimaka mata ta nemi makaranta.

TAMBAYA: Hajiya, matar ƙanena nas ce kuma gida ɗaya muke zaune. Da yunifom take fita, da shi take dawowa a adaidaita sahu, wani lokaci ta biya kasuwa, tana shigowa kuma ta ɗauki jaririnta. Na ga kamar bai dace ba, amma ina tsoron a ce kishi nake yi. Daga wata matar aure, Zariya.

AMSA: Hajiya, abin da kika lura da shi daidai ne. Gwaje-gwaje sun sha nuna cewa kafin a tashi daga aiki rigar ma'aikaci tana ɗauke da ƙwayoyin cuta, musamman a bakin aljihu da gaban ciki da bakin hannu, har da irin waɗanda suka gagari magunguna da yawa. Hannu ne babbar hanyar yaɗa cuta, amma hannun nan shi ne ke shiga aljihu sau ba adadi a yini, fuskar jariri kuma daidai ƙirjin rigar take sauka. Ma'aikatan jinya a ƙasar nan suna da dalili na musamman na yin hattara da abin da ya taɓa jini da ruwan jikin majinyaci. Zazzaɓin Lassa da ake fama da shi duk rani an fara gane shi ne a 1969 a jikin ma'aikatan jinya: Laura Wine ta kamu a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu aka kai ta Jos ta rasu, Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta bi ta, ta uku, Penny Pinneo, ita ce ta tsira bayan an kai ta Amurka.

Ta fuskar mutunci ma akwai abin dubawa. Wanda ya ga farar riga tana cinikin kifi a kasuwa, gobe ya gan ta a kan raunin ɗansa, dole zuciyarsa ta raya masa wani abu. Sai dai kafin a ɗora wa matar ƙanenki laifi a duba halin da take aiki a ciki. Asibitoci da yawa ba su da ɗakin canza kaya mai makulli, ba su wanke wa ma'aikata kaya, kuma da kuɗinta take ɗinkawa, ƙila kala biyu gare ta tana juyawa. Ƙarin alawus ɗin yunifom yana cikin buƙatun da ma'aikatan jinya na asibitocin tarayya suka gabatar a yajin aikin gargaɗin da suka fara ranar 30 ga Yulin 2025. Wasu kuma suna fita da shi ne da gangan idan sun taso aikin dare, domin yana sa jami'an tsaro a shingen hanya su bar su su wuce.

Abin da ya fi shi ne ta tafi da kayan gida ta canza a can, ta dawo da na aikin a ƙulle cikin leda. Idan hakan bai samu ba, ta ɗora doguwar abaya a kai a hanya, ta wuce kasuwa ba ta tsaya ba, da shigarta gida kuma ta cire, ta bar takalmin aikin a bakin ƙofa, ta wanke hannu da sabulu ko ta yi wanka kafin ta karɓi yaro. A wanke yunifom shi kaɗai, ba a haɗa shi da kayan yara ba, da ruwa mai zafi sosai, domin ƙa'idar da asibitocin Ingila ke bi ita ce zafin digiri 60 na minti goma. A shanya shi a rana ya bushe ƙarau, a bi shi da guga mai zafi. Wanda jini ya ɓata sosai kuwa a asibiti ya kamata a fara tsoma shi cikin ruwan kashe ƙwayoyin cuta kafin ya shigo gida.

Game da tsoron a ce kishi ne, kada ki yi maganar a tsakar gida gaban mutane, kada kuma ki bi ta wurin mijinta. Ranar da ta dawo, ki riga ta ɗaukar jaririn, ki ce mata ta je ta watsa ruwa ta huta kina riƙe da shi, daga baya idan kun keɓe ki nuna mata wannan shafi ki tambaye ta ra'ayinta a matsayinta na wadda ta fi ki sanin aikin.